Daga Bakin Daga Zuwa Bakin Kasuwa: Frank Gillard da Kafuwar Rediyon Gari a Ingila

Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa rediyo bayan sallar asuba, fuska ɗaya ya san BBC da ita: murya daga Landan, ta ratso teku da hamada a gajeren zango, tana ba mu labarin duniya da Hausa. Tun ranar 13 ga Maris 1957 ake wannan hira tsakaninmu da ita, har ta kai idan gardama ta yi zafi a majalisa, wani ya ce ai BBC ta faɗa, shi ke nan an rufe zancen. Amma akwai wata BBC ɗin da ba ta taɓa zuwa kunnenmu ba, domin ba da mu take magana ba. Ita ce mai gaya wa mutumin Leicester cewa kogin garinsu ya yi ambaliya ya tare hanya kaza. Ita ce mai sanar da uwa a Carlisle cewa yau an rufe makarantar 'ya'yanta saboda dusar ƙanƙara, kuma ita ce mai zaunar da shugaban majalisar gari a gaban makirufo ya amsa tambayar direban bas. Tashoshi 39 ne a faɗin Ingila da tsibiran Jersey da Guernsey, kuma idan aka bi sawunsu baya, duk a ƙofar mutum ɗaya suke tsayawa, wato Frank Gillard.

Gillard ba soja ba ne a takarda. Bai rataya bindiga ba, na'urar ɗaukar magana ya rataya. Sai dai harsashi ba ya tambayar abin da mutum ya rataya, kuma tun daga 1942 har zuwa 1945 yana tare da mayaƙa a inda wuta ta fi ci. Kafin a zo kansa, dole a faro daga wani mutumin da shi ma yaƙi ya bar wa tabo, domin ginin da Gillard ya zo ya buɗe wa tagogi, wancan ne ya gina shi.

John Reith ɗan limamin coci ne daga Sikotilan, dogo ne har ana kwatance da tsawonsa. Ya yi Yaƙin Duniya na Farko a Faransa, kuma a watan Oktoba na 1915 wani maharbi daga ɓoye ya same shi a kumatu. Ya rayu, amma tabon ya zauna a fuskarsa har kabari. A watan Disamba na 1922 aka ba shi ragamar wani sabon kamfani mai 'yan watanni da haihuwa, wanda masu ƙera akwatunan rediyo suka haɗu suka kafa don a sami abin da masu sayen kayansu za su saurara. Wannan kamfani shi ne ya zama hukumar BBC a farkon 1927.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a shekarunta na farko BBC rediyon gari ce, ba don an so ba sai don dole. Na'urorin watsa shiri na lokacin ba su da ƙarfi, muryar ba ta wuce 'yan mil kaɗan. Saboda haka Landan tana da tasharta mai suna 2LO, wadda ta fara a ranar 14 ga Nuwamba 1922, washegari Birmingham da Manchesta suka bi, daga baya Newcastle da Cardiff da Glasgow da sauransu. An kuma ƙara ƙananan tashoshi a garuruwa irin su Sheffield da Nottingham da Leeds da Stoke da Liverpool. Kowacce tana da mawaƙanta na gida da masu ba yara tatsuniya da mutanen gari suka sani ido da ido. Da aka sami manyan na'urori, tun daga ta Daventry a 1925, sai aka soma naɗe tabarmar waɗannan tashoshi ɗaya bayan ɗaya, aka maye gurbinsu da shirin ƙasa baki ɗaya da na manyan yankuna. Wannan ya dace da tunanin Reith. A wurinsa rediyo makaranta ce, aikinta ta kai wa talaka mafi kyawun abin da ƙasa ta mallaka na ilimi da kiɗa da magana, kuma mafi kyau, a idonsa, a Landan yake. Ba na raina wannan tunani. Shi ya haifi ingancin da ya sa har mu a nan muka amince da ita. Amma yana da farashi: mai saurare ya zama ɗalibi mai zaman shiru, harshen garinsa da damuwar unguwarsa suka tsaya a waje. Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na 1939, har shirye-shiryen yankunan ma aka haɗe su wuri ɗaya, Birtaniya duka ta koma sauraron murya guda.

A cikin wannan yaƙin Gillard ya shigo. An haife shi ranar 1 ga Disamba 1908 a Tiverton, wani ƙaramin gari a Devon, can kudu maso yammacin Ingila, ƙasar manoma da makiyaya da masunta. Malamin makaranta ne da fari, yana ɗan taɓa aikin rediyo a gefe tun 1936, sai a 1941 ya shiga BBC gadan-gadan, aka sa shi cikin wakilan fagen fama.

Babbar jarrabawarsa ta farko ita ce Dieppe. Ranar 19 ga Agusta 1942 sojojin ƙawance kimanin 6,000, waɗanda kusan 5,000 daga cikinsu 'yan Kanada ne, suka ƙetare teku suka kai hari a wannan gari na bakin ruwa a arewacin Faransa, wanda ke hannun Jamusawa. Jamusawa na kan duwatsu da cikin gine-ginen da ke kallon gaɓa, su kuwa masu saukowa daga jiragen ruwa ba su da ko dutsen fakewa. Tankokin da aka sauke da yawa suka maƙale a tsakuwar bakin teku. Kafin azahar an gama. 'Yan Kanada fiye da 900 suka mutu, kusan 2,000 aka kama, fiye da rabin rundunar ba su koma gida lafiya ba. Gillard yana cikin jiragen da suka je, ya gani da idonsa. Da ya dawo, masu tace labarai na soja suka hana shi faɗin yawan asarar. Rahoton da ya fita ya karkata ne ga fafatawar jiragen sama, inda ake da abin faɗa mai daɗin ji. Shekaru da yawa bayan haka, da tsufansa, ya fito fili ya ce idan ya karanta wancan rahoto kunya takan kama shi.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Mutum ya ga gawarwakin samari suna yawo a kan ruwa da safe, sannan a zaunar da shi a gaban makirufo, ya san iyayen yaran suna saurare, a ce masa ga iyakar abin da zai faɗa. Wanda abin nan bai dame shi ba, ba ɗan jarida ba ne. A karatuna na rayuwarsa, duk abin da ya yi daga baya yana da dangantaka da wannan rana. Tashar da ke nesa tana iya ɓoye maka abin da ya faru a wata ƙasa, ka yi shekaru ba ka gane ba. Tashar da ke bayan kasuwar garinku ba ta isa ta ce maka gada na nan lafiya ba alhali da safe ka ga ruwa ya cinye ta.

Bayan Dieppe ya bi Runduna ta Takwas ta Janar Montgomery a Arewacin Afirka, ya ƙetara da su Sisili da Italiya, sannan Normandy a 1944, har cikin Jamus. Ranar 6 ga Yuni 1944, ranar da aka sauka Normandy, BBC ta fara wani shiri mai suna War Report, wato rahoton yaƙi, wanda ke biyo bayan labaran ƙarfe tara na dare. Wakilai suna yawo da wata na'ura mai yanka magana a kan faifai nan take, nauyinta ya kusa kilo 20, su ɗauki ƙarar igwa da numfashin mai gudu. Abin da ya fi shiga zuciyar masu saurare shi ne muryoyin sojojin da kansu: ƙaramin soja ya faɗi sunansa, ya faɗi garinsu, ya ba da labarin yininsa da harshen unguwarsu, ba da Turancin manyan Landan ba. Wannan sabon abu ne a BBC ta Reith. Wanda ya riƙe makirufo shekara uku yana miƙa wa ɗan manomi da ɗan mahaƙin kwal, ya ji irin hikimar da ke fita daga bakinsu, da wuya ya sake yarda cewa magana mai amfani daga sama kaɗai take saukowa.

Da aka gama yaƙi yana da sunan da zai iya neman kujera a Landan. Sai ya koma yankinsu, ya zama shugaban shirye-shirye na shiyyar yamma a Bristol. A can ne a watan Oktoba na 1948 aka fara Any Questions?, shirin da ake ɗaukar 'yan siyasa da masana a kai su zauren wani gari, kowane mako gari daban, jama'ar wurin su tashi su yi musu tambaya baki da baki. An fara shi ne a Winchester, kuma har yau ana yin sa. A Bristol ɗin kuma, a zamanin shugabancinsa na shiyyar, aka kafa sashen shirye-shiryen namun daji a 1957, wanda finafinansa suka zagaye duniya.

A 1954 ya yi tafiyar gani da ido zuwa Amurka. A can rediyo kasuwanci ce, tallace-tallace sun cika ta, kuma manyan BBC suna kallonta a matsayin misalin abin da bai kamata a yi ba. Gillard ya ga wannan, amma ya ga wani abu daban a ƙananan garuruwa. A Stroudsburg ta jihar Pennsylvania ya tarar da 'yar tasha mai suna WVPO, ma'aikatanta ba su taka kara sun karya ba, amma gari duka a kanta yake rataye: sanarwar rasuwa, taron coci, sakamakon wasan makaranta, abin da hukumar gari ta yanke jiya. Ya dawo da tambaya ɗaya. Me zai hana a yi irin wannan a Ingila, ba tare da talla ba, a matsayin hidimar jama'a?

Zamani ma ya taimake shi. Talabijin ta fara cinye daren rediyo tun bayan naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953, ta ƙara ƙarfi da zuwan tashar kasuwanci ta ITV a 1955. Iyali sun daina kewaye akwatin rediyo a falo. A wannan shekarar ta 1955 kuma BBC ta fara watsa shiri a zangon FM, wanda muryarsa ba ta tafiya nesa. Abin da ake gani kamar rauni, shi ne ainihin abin da rediyon gari ke buƙata, domin gari biyu masu tazara za su iya amfani da mita ɗaya ba tare da sun shiga wa juna ba. Ga kuma 'yar ƙaramar rediyo mai batir ta shigo, mai shiga kicin da mota da aljihu. Gillard ya fahimci cewa rediyo ba za ta kayar da talabijin a nishaɗin dare ba, amma akwai abin da talabijin ba za ta iya ba: ta san sunan layinku.

Shawo kan hukuma ya ci shekara goma sha uku. Lokacin da gwamnati ta kafa kwamitin Pilkington a 1960 don duba makomar watsa labarai, Gillard ya ga cewa takarda ba za ta gamsar da kowa ba, sai an ji da kunne. A 1961 da 1962 ya tura ƙananan tawagogi wurare 16, aka fara da Bristol. Su kafa ɗakin watsa shiri na wucin gadi, su yi aiki kamar da gaske, da labarai da hira da sanarwa, a kan lokaci, alhali babu ko mutum ɗaya a gari da ke jin su, domin komai a kan tef yake tafiya. Aka kunna wa 'yan kwamiti. Rahotonsu na 1962 ya goyi bayan a ba BBC damar buɗe tashoshin gari. Gwamnati ta karɓi rahoton ta ajiye wannan ɓangaren a aljihun tebur.

A 1963 Gillard ya zama shugaban dukkan rediyon BBC, kuma a nan ya nuna cewa ba mutum ne mai sanyin hannu ba. A 1964 ya rufe Children's Hour, shirin yara da aka fi shekara 40 ana yi, saboda yaran sun koma talabijin. Ya sha zagi a jaridu, har majalisar dokoki maganar ta kai. Ya kuma rushe sashen da ke shirya fitattun shirye-shiryen adabi, inda marubuta da mawaƙa na gaske suka yi aiki, kuma akwai waɗanda ba su yafe masa ba har suka mutu. Ina ganin a nan ya yi gaggawa, domin abin da aka gina a shekaru ba a sake haɗa shi da takardar umarni.

Abin da ya buɗe ƙofar a ƙarshe daga teku ya zo. Tun daga bikin Ista na 1964, Radio Caroline da ire-irenta suka riƙa watsa kiɗan matasa daga jiragen ruwa da ke tsaye a wajen iyakar ruwan Birtaniya, inda doka ba ta kai ba, kuma miliyoyi suka koma can. Gwamnatin Harold Wilson ta ƙudura ta rufe su, amma ta san sai ta ba mutane wani abu a madadin. Takardar manufar da ta fitar a watan Disamba na 1966 ta ƙunshi sabuwar tashar kiɗa ta ƙasa, ta kuma amince da gwajin rediyon gari na shekara biyu. Sharuɗɗan masu tsauri ne: tashoshi tara kawai, a zangon FM kawai, kuma kuɗin gudanarwa ba daga kuɗin lasin da kowane gida ke biya zai fito ba, sai dai hukumomin garuruwan su sa hannu a aljihu. Manchesta tana cikin waɗanda aka sa rai, amma da zaɓe ya canja masu mulkin garin a 1967 sai ta janye. Aka tashi da takwas.

Ranar 8 ga Nuwamba 1967, da ƙarfe ɗaya saura kwata na rana, Radio Leicester ta fara magana. Ministan gidan waya Edward Short ne ya buɗe ta, manajanta na farko kuma Maurice Ennals. Bayan mako ɗaya Sheffield ta biyo, bayan wani makon Merseyside a Liverpool. A 1968 aka buɗe Nottingham da Brighton da Stoke da Leeds da Durham. Idan ka duba jerin, za ka ga garuruwa da dama da aka ƙwace wa tashoshinsu shekara 40 da suka wuce.

Farkon ba daɗi. Gidaje kaɗan ne ke da rediyo mai kama FM, har ma'aikatan kan yi shiri ba su san ko akwai mai ji ba. Wasu masu sauraron ta waya ake kai musu shirin har gida, irin akwatin nan na bango da dattawan Kano da Zariya suka sani a shekarun 1940 da 1950. Jaridun gari da yawa suka ɗauki tashoshin a matsayin kishiya. Ma'aikatan hedikwata a Landan kuwa suna kiran abin rediyon wasan yara. Ga kuma babbar fargaba: tashar da majalisar gari ke ciyarwa, za ta iya faɗin laifin majalisar? A nan Gillard ya kafe a kan abu ɗaya da nake ganin shi ne ginshiƙin aikin duka. Manajan tasha shi ne mai yanke hukunci a kan abin da zai fita. Ba Landan ba, ba kansila ba. Yana da ikon ya katse shirin da ake turowa daga hedikwata a duk lokacin da garinsa ke da abin da ya fi muhimmanci. An kuma naɗa wa kowace tasha majalisar masu ba da shawara daga mutanen gari, masu shawara kawai, ba masu umarni ba.

Yanayi ne ya fara yi musu shaida. A watan Disamba na 1967 dusar ƙanƙara ta rufe Brighton, wata biyu kafin ranar da aka tsayar don buɗe tasharta. Manajan, Bob Gunnell, bai jira biki ba, ya kunna na'ura, suka yi ta gaya wa mutane hanyar da ta toshe da wadda ake iya bi. A watan Yuli na 1968 ambaliya ta afka wa Leicester, tashar ta ajiye jadawalinta gefe ta zama wurin da ake kawo labari ana kuma karɓa. Tun daga nan mutane suka fara neman rediyo mai FM a shago. A waɗannan ƙananan ɗakuna kuma aka yi renon mutanen da daga baya ƙasar duka ta san su. Desmond Lynam, fitaccen mai gabatar da wasanni, a Brighton ya fara. Kate Adie, wadda ta kawo rahoto daga dandalin Tiananmen a 1989 da yaƙin Tekun Fasha da Bosniya, a Radio Durham ta koyi riƙe makirufo. Tashar da wakilin yaƙi ya kafa ita ta yi renon wakiliyar yaƙi ta zamanin da ya biyo.

A watan Agusta na 1969 gwamnati ta ce gwaji ya yi nasara. Ta amince a ƙara tashoshi 12, ta kuma yarda a riƙa biyan kuɗinsu daga lasin, aka cire wuyansu daga igiyar majalisun gari. Gillard ya yi ritaya a daidai wannan lokaci, bayan ya ga abin ya tsaya da ƙafarsa. Tsakanin Satumba 1970 da Afrilu 1971 aka buɗe Bristol da Manchesta da Landan da Oxford da Birmingham da sauransu, har suka cika 20. Gwamnatin Edward Heath da ta hau a 1970 ta tsayar da adadin a nan, ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, inda tashar LBC ta fara a Landan a watan Oktoba na 1973. Saboda wannan ƙayyadewa, sai da aka rufe Durham a 1972 kafin a iya buɗe Carlisle a shekarar da ta biyo. A 1972 ɗin ne kuma aka bar su suka hau matsakaicin zango, wanda kowace rediyo ke kamawa, masu saurare suka ninka.

Labarin Leicester a shekarun 1970 ya fi kowanne taɓa ni. A watan Agusta na 1972 Idi Amin ya ba 'yan asalin Asiya da ke Yuganda kwana 90 su fice. Majalisar birnin Leicester ta sayi fili a wata jaridar Kampala tana roƙonsu kada su zo garin, wai babu gidaje da makarantun da za su ishe su. Suka zo dubbai, domin a can 'yan uwansu suke. Gari ya ɗauki zafi, masu ƙyamar baƙi suna samun ƙuri'u. A cikin wannan hali Radio Leicester ta ware wa baƙin lokaci a kowane maraice, da kiɗansu da harsunansu da bayanin yadda ake neman aiki da likita da gurbin makaranta, ta kuma bar tsoffin 'yan gari su ji muryoyin sababbin maƙwabtansu a tashar da suka saba da ita. Daga wannan tsiro ne, tare da na Birmingham, aka sami Asian Network, wadda ta zama tashar ƙasa a 2002. Hedikwata a Landan ba za ta yi wannan tunani a kan lokaci ba, domin ba a layinta baƙin suka sauka ba.

Wani kwamitin gwamnati, wato kwamitin Annan, ya ba da shawara a 1977 a ƙwace rediyon gari daga hannun BBC a ba wata sabuwar hukuma, gwamnati ba ta bi ba. Daga 1980 aka ci gaba da faɗaɗawa, aka fara da Norfolk da Lincolnshire, har a watan Janairu na 1983 Devon, mahaifar Gillard, ta sami tata. Amma faɗaɗawar ta zo da sauyin ma'ana. Kuɗi ba zai isa a ba kowane gari tasha ba, sai aka koma tashar lardi. Blackburn ta zama Lancashire, Carlisle ta zama Cumbria, Medway ta zama Kent, Brighton ta zama Sussex. An ƙaru da faɗi, an ragu da kusanci. Duk da haka, a ranar tashin hankali nan mutane ke komawa. A watan Afrilu na 1989, bayan turmutsutsun filin ƙwallo na Hillsborough wanda ya ci rayukan magoya bayan Liverpool 97, Radio Merseyside ta zama zauren makokin birnin. A 2001 da cutar baki da kofato ta sa aka yi ta kashe garke-garke ana ƙonawa, makiyayan Cumbria da aka hana fita daga gonakinsu ta Radio Cumbria suke jin inda cutar ta kai, ta nan kuma suke kuka da juna. A 2020 lokacin kullen korona, tashoshin suka riƙa haɗa tsofaffin da ke zaune su kaɗai da masu kai musu abinci da magani.

Gillard bai zauna ba bayan ritaya. Ya ba Amurkawa shawara a lokacin da suke gina rediyon jama'a tasu, ya kuma shafe shekaru yana zama da tsoffin ma'aikatan BBC ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaukar tarihin hukumar daga bakinsu. Ya rasu ranar 20 ga Oktoba 1998 yana da shekara 89. Lambobin yabon da ake ba ma'aikatan rediyon gari na BBC sunansa suke ɗauke da shi.

Da yana raye, na tabbata safiyar 29 ga Satumba 2022 za ta faranta masa. Firayim Minista Liz Truss, bayan kwanaki tana shiru yayin da kasuwar kuɗi ke tangal-tangal saboda kasafin gwamnatinta, ta zaɓi ta yi magana da tashoshin gari takwas a jere, kowacce 'yan mintuna. Masu gabatar da shirin safe na Leeds da Norfolk da Kent da Lancashire da Nottingham da Tees da Bristol da Stoke suka tare ta da tambayoyin masu sauraronsu: bashin gida, kuɗin wuta, rufin asibitin King's Lynn da aka tokare da ƙarafa, haƙar iskar gas a Lancashire. Ta yi ta in-ina, kuma ƙasar duka ta ji. Bayan mako uku ta yi murabus.

Wata ɗaya bayan wannan safiya, a ƙarshen Oktoba, BBC ta ba da sanarwar rage shirye-shiryen tashoshin. An daskarar da kuɗin lasin a fam 159 na shekara biyu, hukumar kuma tana son karkatar da kuɗi zuwa intanet, inda ta ce can jama'a suka koma. Akwai gaskiya a wannan. Sai dai mafi yawan masu sauraron rediyon gari dattawa ne, da makafi, da mutanen ƙauye, wato waɗanda waya mai shafawa ba ta maye musu gurbin murya. Ma'aikata suka yi yajin aiki a watan Maris na 2023, 'yan majalisa daga jam'iyyu daban-daban suka yi ƙorafi, masu gabatarwa da suka shekara 20 da 30 a kujera ɗaya suka yi bankwana da masu sauraronsu, wasu da hawaye. Ba a fasa ba. Labarai da wasannin ƙwallo sun ci gaba da zama na gida, haka shirin safe daga ƙarfe shida. Daga ƙarfe goma na dare kuwa shiri ɗaya aka haɗa wa Ingila duka. A yawancin tashoshin, muryar gari takan yi sallama da ƙarfe biyu na rana ta miƙa wa shirin haɗin gwiwa da maƙwabta, awa ɗaya da kwata bayan sa'ar da Leicester ta fara magana a 1967.